Ramin Wankin Allo

Ran Talata da hantsi wani Bajamushe mai aikin hanya ya shigo unguwar Hausawa ta Garwa da leburori da tafintansa. Suka kafa turaku, suka ja igiya tun daga kasuwa ta miƙe sak zuwa bakin Binuwai, inda jirgin ruwa ke tsayawa da damina. Mutumin nan kuwa bai san kwana ba. In igiyarsa ta ci karo da rumbu, to rumbun ne zai kauce. Haka ta iso makarantar Malam Lukmanu, ta bar zaure, ta bar rumfar karatu, ta bi ta kan ramin wankin allo.

Ramin ba wani abin kallo ba ne, faɗinsa bai fi tabarma ba, an kewaye shi da ƙaya. Amma shekara talatin da ɗaya ke nan duk wanda ya haddace darasinsa nan yake durƙusawa ya wanke allo, ruwan tawada ya sauka da ayoyin Allah ya nutse inda ƙafa ba ta takawa. Malam yakan yafe makara, yakan yafe surutu, har gyangyaɗi yakan kau da kai. Amma ka kuskura ɗan yatsan ƙafarka ya tsallake ƙayar nan, ranar sai uwarka ta gasa maka jiki. Yanzu ga shi jakuna da 'yan dako za su riƙa bi ta kai safe da yamma.

Tafintan, Hamidu, a makarantar ya yi sauka. Ya matso cikin kakinsa da manyan takalman soja, ya rusuna, idonsa na ƙasa.

"Allah gafarta Malam, Baturen ya ce nan da kwana bakwai za a fara aiki."

"Ka gaya masa abin da ke wurin?"

"Na gaya masa. Ya ce ƙasa ƙasa ce."

Malam bai yi faɗa ba, don ba shi da ƙarfin yi. Tun shigowar Jamus shekara tara da suka wuce yake jin an ce, an ce, kuma kowane an-ce a kansa yake ƙarewa, don duk abin da ya taso wurinsa iyayen yara ke zuwa. Wallahi ya gaji, gajiyar da kwanciya ba ta magani.

Ran Alhamis, da yake babu karatu, ya tara iyaye bayan la'asar. Wada mahauci ne ya fara, kamar kullum, mutumin da muryarsa ke riga shi isa wuri.

"A tumɓuke turakun nan a zuba a kogi! Mu maza ne ko me?"

"In ka tumɓuke gobe a kafa wasu, a ɗaure ka a jikinsu," in ji wani mai sayar da goro. "Ni dai in aka taka wurin nan, albarka ta tashi. 'Ya'yana uku zan kwashe in kai Rai Buba."

Nan fa magana ta kaure. Wannan ya ce a kai kuka wurin Lamiɗo, wancan ya ce Lamiɗon ma kukansa yake neman inda zai kai. Malam na zaune yana murza gwiwa, yana ganin makarantarsa na watsewa tun ba a sa diga ba. Sai aka ji muryar Halime daga bayan zana. Yayarsa ce, ita ke koyar da 'yan mata a cikin gida, kuma duk unguwar babu wanda bai taɓa shan harshenta ba.

"Kai, ku yi mana shiru! Hanya suke so, ba ƙasar ba. Ba ku da kwanduna ne? Wada, ƙarfin nan da kake wa saniya, ba za ka iya yi wa fartanya ba?"

Malam ya ɗaga kai. "Yaya ta faɗi gaskiya," ya ce. "Ba za mu yi faɗan da ba mu iyawa ba, ba kuma za mu gudu ba. Babu gidan da tawadarsa ba ta cikin ramin nan. Kowa ya zo ya ɗauki rabonsa, mu mai da ƙasar bayan rumfa, mu kewaye. Kowa da alwala." Mai goro ya ce in haka ne 'ya'yansa suna nan.

Ran Asabar bayan sallar asuba aka fara. Kai, ranar ko Malam sai da ya ji daɗi! Mahauta na haƙa, fatake na ɗauka, mata na miƙo kwanduna ta kan danga, manyan ɗalibai na karatu da ƙarfi. Ƙasar baƙa wuluk, mai laushi, kamar toka ta sha ruwa. Malam ya ce a haƙa har sai an ga jan yashi, don a tabbata ba a bar komai ba. Kafin rana ta take an tarar da jan yashi a ƙasan ramin, aka yi hamdala.

Matsalar a gefe ta fito. Wada ya sari bangon ramin ta gabas, baƙa. Ya ƙara, baƙa. Ya wuce inda ƙaya take da kamu biyu, har yanzu baƙa. Ashe duk damina in ramin ya cika, ruwan kan malala ta ƙarƙashi ya bi gangare. Babu wanda ya taɓa tunanin haka, kowa ƙaya ya sani. Suka bi baƙar ƙasar nan, ta ratsa tsakar makaranta, ta bi ta ƙarƙashin turbar da ke tsakanin zaure da masallaci, wadda Malam da kansa ke bi sau biyar a yini.

Malam ya dubi ƙafafunsa. Ya tuna bayan yara nawa ya farfasa saboda taku ɗaya, alhali shi yana tafe a kai da takalmi tun gemunsa na baƙi. Kunya ta kama shi, ta gaske, ya zare takalman ya riƙe a hannu. Kowa ya zare nasa.

Kwana uku suna haƙa. Hannuwa suka yi kanta, kasuwar nama ta tsaya, kwanduna suka ɓarke, baƙar ƙasa ba ta ƙare ba, sai ma ƙara faɗi take yi tana gangarawa kogi, daidai inda igiya ta bi. Ran Litinin da yamma Wada ya jefar da fartanya, muryar nan tasa duk ta dushe.

"Malam, a ina za mu tsaya?"

Kowa ya zuba masa ido. Da ma wani ne zai faɗa! Amma babu wani, shi ne dai. Ya ɗauki sanda ya ja layi a ƙasa, yana kallon baƙar ta wuce layin ta yi gaba abinta.

"Nan," ya ce. "Allah ya ga iyakar ƙarfinmu. Abin da ya saura, duk mai wucewa ya cire takalmi."

Aka yi hanya, aka daddaɓe ta. Karatu ya ci gaba, ba a cire yaro ko ɗaya ba. Kuma tun daga ranar duk ɗan unguwa in ya zo daidai makaranta sai ya sunkuya ya zare takalmi, ya yi taku ashirin, sannan ya mayar.

Bayan wata guda Bajamushen ya dawo duba aikinsa a kan doki, Hamidu na biye da shi a ƙasa. Malam na zaune a ƙofar zaure. Mutumin ya ga mahauta da fatake suna sunkuyawa suna zare takalma, ya washe baki, ya yi wata magana, ya nuna Malam da bulala.

Hamidu ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Ya ce ya gode. Wai a duk Garwa unguwar nan ce kaɗai ta san girman Bature."

Malam ya bar shi da fahimtarsa. Ina amfani?

Doki ya wuce ta kai. Hamidu kuwa ya tsaya cak a bakin wurin, yana duban takalmansa masu igiya har ƙwauri, waɗanda ba ya da ikon cirewa a bakin aiki. Bajamushen ya waiwayo ya daka masa tsawa. Hamidu bai motsa ba, Malam yake kallo, idonsa ya kawo ruwa.

"Wuce, Hamidu," in ji Malam. "Wuce, ɗana. Ni ma shekara talatin ina takawa."