Gammon Nowel a Ƙofar Haman

A duk unguwar Briketiri ta birnin Yawunde, Jaratu ce kaɗai ke shuka abin da ba a ci. Sauran mata ma suna da gwangwanaye a bayan ɗaki, amma nasu na tattasai ne da albasa da ɗoɗɗoya. Nata, waɗanda ta jera tun daga bakin rijiya har zaure, furanni ne zalla. A shekarun da ake ta cewa jirgin ƙasa ya kusa kaiwa Ngawundere, kullum tana ba su ruwa safe da yamma, maƙwabciyarta Tasalla, Bakatsiniya mai tuyar ƙosai, tana leƙowa ta kan katanga da tambayarta da ba ta canzawa.

"Wai ni 'yar Garwa, wannan jan, a miya ake sa shi ko a kunu?"

"Kallo ake yi."

"To, mun kalla. Sai kuma me?"

Jaratu ba ta taɓa samun amsar da ta gamsar da Tasalla ba. Ta dai sami mai fahimtarta wata rana a shagon Baballe tela, inda ta haɗu da Madam Ngono, matar wani darekta, wadda ta zo gwada riga. Madam Ngono ita ce shugabar Ƙungiyar Matan Lambu, masu taruwa kowace Asabar a Bastos, unguwar manya, a wata doguwar baranda, ƙarƙashin hoton Shugaba Ahidjo. Ta bi Jaratu gida, ta ga gwangwanayen, ta riƙe baki. Ta ce ba ta taɓa tsammanin ganin irin wannan a nan ba. Jaratu ta ɗauki maganar a matsayin yabo.

Ƙungiyar ba ta taɓa samun mamba daga Briketiri ba, kuma ba ta yi gaggawar samu ba. Aka ce Jaratu ta riƙa zuwa a matsayin gwaji. Kowane Disamba matan sukan haɗa abin da suke kira kuron, wato zoben ganye da furanni da ake ratayawa a ƙofa lokacin Nowel, bikin Kirsimeti, su sayar, a dasa itatuwa da abin da aka samu a harabar wani asibitin haihuwa. Kowace mace takan kwashi rabonta ta sayar a unguwarsu. Madam Ngono ta faɗa mata a fili: in rabonta ya ƙare, kwamiti zai ba ta kujera, in ta dawo da saura, za a gode mata.

Mijinta Haman, mai babbar mota da ke jigila tsakanin Yawunde da arewa, bai hana ba. Ya ce Baballe ma ba ya barci saboda ɗinkin Nowel, masu soya kuma, wato masu gasa tsire, a watan suke sayen babur, don haka bai ga abin da ganye zai fi nama laifi ba. Ya faɗi haka yana ɗaure tamfol, ya kama hanyar Ngawundere, ya ce a sa ran shi kafin Juma'a. Juma'a ta zo ta wuce. Ba wanda ya damu sosai, don hanyar ba ta taɓa cika wa kowa alkawari ba.

Ranar haɗa kuron, an zaunar da Jaratu a ƙarshen tebur, inda ake zaunar da 'yan gwaji. Rassan itacen sifire sun iso wurinta, waya ta iso, almakashi ya iso bayan kowa ta gama da shi. Jan ƙyallen da ake ɗaurawa a ƙasan zoben kuwa ya ƙare tun yana hannun matar wani likita. Aka ce mata ta nemi ƙyalle a gida, ai unguwarsu ta teloli ce.

Baballe ya buɗe buhun ƙyallayensa ya zazzage. Ja babu, Nowel ya cinye. Akwai dai wani satin shunayya mai sheƙi da wani fari, ragowar ɗinkin da ya yi wa mutanen wata majami'a. Ya ce ta kwashe kyauta. Jaratu ta ji daɗi, don a ganinta ja launin masu neman a kalle su ne, shunayya kuwa ta masu natsuwa ce. Ta ɗaura wa kowane zobe dogon ƙyalle mai jela biyu, ta tsinko fararen furanninta ta soka a kewaye. Ba a taɓa yin kuron mai kwarjini irin nata a barandar Bastos ba, kuma ba wadda ta gan shi a can, don daga gida za ta sayar.

Ta baje su a zaure. Matan unguwa suka zo kallo, suka raɗa musu suna gammon Nowel. Tasalla ta ɗora ɗaya a ka, ta aza tulu a kai, ta ce yana suka. Goggo Kaltuma, yayar mahaifin Haman da ke zaune tare da su, ta shinshina ta ce in an busar wataƙila ya yi turaren sauro. Ba wadda ta saya. Da Jaratu ta kai kuka Bastos, matar likitan ta ce ai laifinta ne, mutane ba sa sayen abin da ba su ga amfaninsa ba. Ta ba ta shawara ta rataya ɗaya a ƙofar gidanta, kowa ya gani.

Ranar Laraba da hantsi ta buga ƙusa a ƙofar gida ta waje, ta rataya mafi girma, ta ja da baya ta dube shi, ta gyara jelar. Sannan ta yafa gyale ta tafi kasuwar Mokolo, daga can ta wuce Messa duba wata 'yar uwa da ta haihu.

Da ta dawo bayan azahar, tun daga kwanar masu soya ta ga an kashe wuta. Masu naman suka sunkuyar da kai da ta wuce. A ƙofar gidanta an shimfiɗa tabarmi har tsakiyar layi, maza sun jeru da carbi. Can gefe wasu matan unguwar Nkomkana, Kiristoci, sun zauna a ƙasa suna kuka da yarensu, da ƙarfi, yadda suke yi. Tasalla ta taro ta, ta karɓe kwandon, ta rungume ta.

"Sai haƙuri, Jaratu. Allah Ya karɓi abinSa."

Wannan ne karo na farko da Tasalla ta kira ta da sunanta. Shi ya sa nan take ta yarda cewa Haman ya rasu. Aka shigar da ita ɗaki, aka zaunar da ita kusa da Goggo Kaltuma, wadda ta riga ta suma ta farfaɗo, aka lulluɓa mata zane. Ta tuna gangaren da Haman ke yawan ambata, da birkin da ya ce zai gyara in ya dawo. Ta yi kuka na gaske. Kwanukan abinci suna ta shigowa har daga unguwar Ekudu.

Sai da la'asar ta kawo jiki ta iya tambaya. "A ina abin ya faru?"

Aka dubi juna. Wata ta ce kusa da Bertuwa. Wata ta ce a'a, ta ji an ce gada ce.

"Wa ya kawo labarin?"

Tasalla ta ce ita daga masu soya ta ji. Aka aika waje, masu soya suka ce su kukan matan Nkomkana suka ji. Matan Nkomkana suka ce mijin ɗayarsu ne ya faɗa musu, Papa Atangana kafinta, wanda ya ƙera wa Haman bodin mota, wanda kuma ke yin akwatin gawa idan aikin mota ya yi ƙasa. Aka kira shi bakin ƙofar ɗaki. Ya tsaya da hularsa a hannu, idonsa jawur, ya yi magana da Hausarsa ta kasuwa.

"Madam, Haman ɗan'uwana ne. Ni na zo karɓar guduma nawa. Na gani a ƙofa, na koma, na faɗa wa mata."

"Me ka gani?"

"Kuron, Madam. Shunayya da fari. Babba haka, sai maigida." Ya share ido. "Ni ban san ku ma kuna sawa ba. Amma aiki ne mai kyau. Wa ya yi muku?"

Sai a lokacin Jaratu ta gane: a wurin su Papa Atangana, kuron mai shunayya da fari a ƙofa alamar rasuwa ce. A waje ta ji liman yana tambayar ko za a jira gawa ko za a yi salla daga nesa. Ta lissafa mutanen da suka rufe shago, da shinkafar da aka dafa, da suman Goggo. Tana cikin neman kalmar da za ta fara da ita, da Hausa ko da Fulatanci, sai hayaniya ta tashi a layi.

Haman ne, a ƙafa, jar ƙasa har gira, da wani ƙarfen mota a kafaɗa. Motar ta karye ne a daji, ya biyo wata ya zo neman kayan gyara. Ya ga tabarmi, ya ga liman, ya sauke ƙarfen a hankali.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Goggo ce ko? Allah sarki. Dama jikin ya ƙi."

Mutanen da ke kusa da shi suka watse, wani ya bar takalminsa. Goggo Kaltuma kuwa ta ji shi sarai ta taga. Ta fito da saurin da ba a san tana da shi ba.

"Jikin wa ya ƙi? Ni da nake nan ina suma dominka, kai kana tafe kana binne ni?"

Liman ya nemi bayani, aka yi masa. Ya dubi ƙofar, ya dubi Haman, ya ce tun da an taru kuma an dafa, a yi addu'ar godiya a ci. Aka ci. Matan Nkomkana suka share hawaye suka karɓi nasu kwanon. Haman da kansa ya cire zoben, ya zare ƙusar, ya ce muddin yana numfashi, kuma yau ya sami shaidu cewa yana yi, ba za a sake rataya ko ganyen zogale a ƙofarsa ba. Kwana biyu yana tambayar waɗanda suka zo da waɗanda ba su zo ba. Ya daina gaisawa da wani mai sayar da taya.

Asabar ta matso, zobban suna jibge a zaure, ko ɗaya bai fita ba. Jaratu ta riga ta shirya abin da za ta ce idan an gode mata. Ranar Juma'a da safe Papa Atangana ya yi sallama, ya ce ya zo ba da haƙuri, kuma har yanzu bai karɓi gudumarsa ba. Ya tsuguna gaban zobban yana juya su ɗaya bayan ɗaya.

"Madam, Disamba ne. Mutane suna sha, suna tuƙi. Aiki ya yi mini yawa. Shagon Turawa na cikin gari, kuron nasu tsada, kuma roba ne. Ki ba ni duka."

"Na Nowel ne, Papa."

"Wanda zai sa ba zai yi gardama ba."

Ta dubi ƙofar da ramin ƙusa ke jikinta har yanzu. Ta tambaye shi ko yana da abin ɗauka. Ya ce amalankensa na waje.

A Bastos, ranar Asabar, kowace mace ta faɗi yadda ta ƙare. Yawancinsu mazajensu ne suka saye rabon, aka raba wa masu gadi. Matar likita ta dawo da uku. Da aka zo ƙarshen tebur, Jaratu ta ce nata ya ƙare, kuma ba ɗan'uwanta ko ɗaya cikin masu saye.

"A Briketiri?" in ji matar likita.

"Mutanen Nkomkana da Messa ne suka fi so."

Aka tafa mata. Kwamiti ya shiga ciki, ya fito, aka matsar da kujerarta zuwa tsakiyar tebur, kusa da almakashi. Bayan an tashi, Madam Ngono ta riƙe ta a bakin mota, ta rage murya.

"Jiya da yamma mun binne kawun maigidana. An ɗora masa wani kuron da kowa ya yi ta tambayar inda aka saya. Na san rassan sifiren nan, daga bayan gidana aka yanko su."

Jaratu ta ce Allah Ya ba su haƙuri.

"Amin. Ba shi nake nufi ba. Mambobinmu suna da tsofaffi da yawa, kuma Nowel sau ɗaya ne a shekara. Kwamiti yana ganin ki riƙe wannan ɓangaren. Ƙyallen, a ina kike samu?"

Tun daga lokacin Baballe yake ware mata shunayya da fari. Ta ƙara gwangwanaye har bayan madafa, duk na fararen furanni. A unguwa an daina tambayar amfaninsu. Mata sukan rage murya idan sun ratsa ta gabansu, yara kuma ba sa tsinka. Goggo Kaltuma ta sa an ɗauke waɗanda ke kusa da tagarta, ta ce ba ta son yadda suke kallonta.

Tasalla ce kaɗai ba ta daina leƙowa ba. Wata safiya ta tarar da Jaratu tana ba wani sabon tsiro ruwa, ta daɗe tana dubansa.

"'Yar Garwa, wannan ƙaramin fa, yaushe zai yi fure?"

"Sai wajen Maris."

"To, Allah Ya ba mai shi lafiya kafin nan," in ji Tasalla, ta koma kan ƙosanta.