Goyon Kwalba

Ƙurajen zafi ne suka feso wa 'yata a wuya, sai ga surukata, Inna, da wani man shafawa. A jikin kwalin an rubuta wai akwai burbushin azurfa a ciki, ƙanana ainun, waɗanda ido ba ya gani. Na karɓa hannu biyu, na ɗora shi can saman kabad. Inna ta tambaya ko kayan ado ta kawo mini. Na ce a wurin aikinmu ana gwada irin wannan burbushin, ta yi haƙuri sakamako ya fito kafin ya taɓa fatar yarinya.

Aikina a ɗakin gwaje-gwaje rainon ƙwayoyin halitta ne na fatar mutum. A kwalabe suke zaune cikin ruwa ja-ja, ina canja musu ruwan, ina kwantar da su a akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum. Gwajin ba wuya. Kwalba ɗaya a zuba mata burbushin, ɗaya a bar ta haka nan don kwatance. Daga baya a ɗiga musu rini rawaya. Inda ƙwayoyin ke da rai sai rinin ya koma shunayya, inda suka mutu ya zauna rawayarsa.

Mun zuba burbushin ke nan akwatin ɗumi ya yi tari ya mutu. Mai gyara ya ce yana hanya. Dakta, shugabanmu, ya daɗe yana shafa sanƙo, sannan ya ce ai zafin jikin mutum ake nema, kuma ga mutane. Ya ɗaure murafe tamau, ya miƙo mini mai burbushin, ya cusa ɗayar a hammatarsa.

Ni ban iya riƙon wasa ba. Na ciro zanen goyo daga jaka, na goya kwalbar. Ban jingina da kujera ba, ban bi ta gaban fanka ba. Dogo, abokin aikina, ya ce, "Maman kwalba, yaushe suna?" Na ce ya rage murya.

Dakta kuwa da tasa ya shiga taro, ɗakin da na'urar sanyi ke kaɗawa. Hammata ta gaji, ya mayar da ita aljihu. Bayani ya yi daɗi, ya ajiye ta kan tebur don ya samu hannu biyu, wani baƙo ya ɗauka ya girgiza, yana zaton lemo ne.

Da muka ɗiga rini, tawa ta yi shunayya shar. Tasa rawaya kamar gwaiduwa. Dakta ya yi 'yan lissafe-lissafe, ya ce bisa ƙa'ida burbushin ba ya kisa, rashinsa ne ke kisa. Dogo ya ce ashe duk wanda bai shafa ba yana cikin haɗari. Dakta ya ce kada a yi gaggawa, amma ya aika a sayo masa kwali ɗaya na man.

A gida na faɗa wa Inna gaskiya: ƙwayoyin sun rayu, amma ban sani ba ko man ne lafiyayye ko bayana ne ya cece su.

"To, 'yar nan, ita ma yarinyar ai a bayanki take," in ji ta. Ta nufi kabad.

Na tare gabanta. Na ce sai an sake gwaji, kwalaben biyu a baya ɗaya, kuma nawa bayan ya saba da mai burbushin, zai yi son kai. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce goyo ba yau ta fara ba.

Washegari mai gyara yana hanya har yanzu, sai na tafi da Inna wurin aiki. Dakta ya ba Inna farar riga da safar hannu. Ta goya kwalaben gefe da gefe, ta hana Dogo tari, ta hana Dakta matsowa. Da ƙafarta ta yi sanyi ta sa aka rufe taga.

Muka ɗiga rini. Marar burbushin ta yi shunayya. Mai burbushin ta zauna rawaya.

Inna ta ɗaga ta sama tana dubawa, ta tambaya ko a ƙara mata ɗumi. Na ce ba amfani.

"A bayana ta cika," ta ce a hankali.

Da muka koma gida ita da kanta ta hau kujera ta sauko da man, ta ƙulle shi a leda. Baban yarinya ya miƙa hannu zai duba kwalin, ta buge hannun. Ta ce in kawo ruwan sanyi da tsumma mai laushi, ta zaunar da jikarta a cinya ta fara goge mata wuya.