Koriyar Leda a Kan Irin Kaltum

Malam Abbagana ya shekara talatin da ɗoriya yana noman tattasai a bakin kogin Gashuwa, amma tsiro bai taɓa yi masa irin wannan wulaƙanci ba. Kwana goma sha biyu da fitowa, duk sun zanƙale sun yi siriri kamar zaren ɗinki, ganyen ya koɗe, wasu har sun fara kwanciya.

Da irin kasuwa ne, da bai damu ba. Wannan kuwa na Kaltum ne, matarsa da ta rasu bara. Daga gidansu a Nguru ta zo da shi tun tana amarya, kuma kowace shekara ita ke zaɓar 'ya'yan da suka fi ja, ta shanya, ta cuɗa irin da toka ta ɗura a gora. Ɗan abin da ya rage a goran shi ya yafa gaba ɗaya a kwami guda na renon iri. In wannan ya mutu, irin ya ƙare ke nan.

Shi ya sa ya yi masa gata. Ya jingine tsohuwar zanar da ya saba yi wa kwami rumfa da ita, ya sayo leda mai kauri, koriya shar, ya lulluɓe. Hujjarsa kuwa, in ka ji ta, sai ka gyaɗa kai: ganye kore ne, me zai so da ya wuce kore?

Ranar Asabar da hantsi 'yarsa Hafiza, wadda ke karatun ilimin tsirrai a jami'a, ta kawo masa ƙosai lambu. Ta leƙa ƙarƙashin rumfar, ta ga har tafin hannunta ya koma kore. Ta san halin mahaifinta, in ka ce ya yi kuskure sai ya ƙaro leda ta biyu. Sai ta gangara kogi ta tsinko ciyawar nan da ke tsira a ƙarƙashin ruwa, ta jefa a farar kwalba, ta cika da ruwa ta ajiye a rana.

Can sai ga 'yan ƙananan ƙwayoyin iska suna fitowa daga karan ciyawar, ɗaya bayan ɗaya. Malam Abbagana ya bar ƙosai ya tsuguna. Ta yi masa bayani cewa koren nan na cikin ganye shi ke cafke hasken rana, ya yi amfani da ƙarfinsa ya fasa ruwa. Iskar da ke tashi daga fashin ita muke shaƙa, ƙarfin kuma sai ganyen ya adana ya haɗa abinci da shi. Abin ya ɗaure wa tsohon kai. Shekara talatin yana ban ruwa, ashe fasa shi ake yi a ciki, shi ya ɗauka sha kawai ake.

Hafiza ta yago gefen koriyar ledar ta naɗe kwalbar. Ƙwayoyin suka ragu, sai jefi-jefi. Ta cire, ta naɗe da jar ledar ƙosai, ƙwayoyin suka dawo. Bai yarda ba, ya karɓi kwalbar ya gwada da hannunsa har sau uku, don yana zargin 'yan boko da dabara. Ta ce masa hasken rana launuka ne a haɗe, irin na bakan gizo. Ganye yakan haɗiye ja da shuɗi, koren kuma ya fi maido da shi, shi ne idonmu ke gani.

"Wato launin da nake gani a jikinsa, shi ne wanda ya mayar?"

"Shi ne, Baba."

Ya miƙe ya yaye ledar. Suka maido da zanar, suka sassauta saƙarta yadda rana za ta riƙa ɗigowa. Hafiza ta faɗa masa gaskiya, waɗanda suka kwanta sun tafi, amma na bakin kwamin da haske ke satar hanya yana samunsu za su tashi. Layi biyu ne, kuma layi biyu ya isa a samu iri. Ya ji daɗi ƙwarai.

Yana ninke ledar yana yi wa kansa dariya, ya ce ai laifin mahaifiyarta ne, ita ta saba masa da kore. Duk sallah koriyar atamfa yake saya mata, ba ta taɓa cewa a canja ba.

Hafiza ta yi ta juya kwalbar a hannunta kafin ta ɗago.

"Kai kake sayowa, Baba, ita kuma ta ɗaura. Ja Inna take so."

Ya tsaya da ledar a hannu. Ya tuno Kaltum a durƙushe kan tabarma duk kaka, tana ɗaga tattasai ɗaya-ɗaya tana haska shi a rana, tana ware wanda ya fi ja. Sau nawa ya wuce ta a haka, bai taɓa tambaya ba. Kunya ta kama shi, kewarta kuma ta taso masa sabuwa fil.

Ya ajiye ledar, ya durƙusa a bakin kwamin, ya shiga tallafe 'yan tsiron da ƙasa, ɗaya bayan ɗaya.