Matan da Ke Ɗauke da Gada

Tun da hantsi zazzaɓi ke cin Injiniya Barira, amma ta ƙi barin bakin kogi. Ambaliyar makon jiya ta bar tsaga a ginshiƙin tsakiya na gadar, aka rufe hanya, aka kira kamfaninsu ya duba, don su suka zana ta tun zamanin mahaifinta, marigayi Injiniya Sallau. Gobe kasuwa. Manyan motoci maƙil da tumatir sun yi layi iya ganin ido, kowa ita yake jira ta ce a buɗe. Bayan azahar ta shiga mota, ta kwantar da kujera, wai ta ɗan runtsa.

Sai ta ga kogin ya koma sama, yana gudu bisa kanta kamar hadari, kifaye na giftawa cikinsa. Ita kuwa tana tsaye kan busasshen yashi. Wata tsohuwa siririya kamar zare ta zaro jikinta daga cikin siminti.

"Iya, wace ce ke?"

"Tsaga. Duk ginin da gidanku ya yi ina da ɗaki a ciki. Ubanki bai taɓa wuce ni bai gaishe ni ba. Biyo ni."

Suka bi ta cikin wani gari inda gine-gine ke yawo. Tankin ruwan da mahaifinta ya fara zanawa, lokacin ofishinsa bai wuce tebur ɗaya a shagon haya ba, ya wuce su da dogayen ƙafafu kamar raƙumi. Asibiti mai hawa biyar ya rusuna, rodin jikinsa na harbawa kamar jijiya. Rumbunan hatsi, hasumiyar masallaci, rufin filin wasa da ita kanta ta zana, duk suna kiranta da sunan yarinta.

"Yayyenki ne da ƙannenki," in ji Tsaga. "Yi sauri, ɗaya ta gaji."

A ƙarshen garin wasu mata ƙarfafa suka jeru, kowacce da gammo, gadar na kansu. Ta tsakiya gumi ke tsatstsafo mata, wuyanta na rawa.

"Sannu, Yaya," in ji Barira. "Wuyan ne?"

"Kowa wuyana yake kallo," in ji matar, haƙoranta a cije. "Dubi ƙasa."

Barira ta duba. Yashin da ke ƙarƙashin ƙafafun matar na zurarewa kamar gari a rariya, har ƙafa ɗaya ta fara lilo a iska. A gefen ramin ga mahaifinta durƙushe, da ƙuruciyarsa, yana ɗibar yashi da tafin hannu yana mayarwa, yashin na zubewa ta tsakanin yatsunsa.

"Baba, in buɗe musu?"

Bai ɗago ba. "Ruwan zamanina na auna, Barira. Wannan ruwan ban san shi ba."

"To wa zai auna shi?"

Sai matar ta ciro gammonta ta ɗora wa Barira a ka. Gadar ta sauko a hankali. Barira ta ji tayoyi na bi ta ƙoƙon kanta, ta ji hirar fasinjoji, ta ji wata uwa na lallashin jariri. Ta nemi Tsaga ta rasa, sai ta ji tsohuwar na hawowa ta cikin ƙashin bayanta, tana gaisuwa. A sama kogin ya tsaya cak, sannan ya ɓallo.

Ƙwanƙwasa gilashin motar ne ya farkar da ita. Shugaban direbobi ne, Alhaji Nakande.

"Ranki ya daɗe, kaya na ruɓewa. Tsagar nan ko allura ba ta shiga. A buɗe?"

Ta daɗe tana kallon jan ruwan da ke murɗawa a gindin ginshiƙin.

"Ba yau ba, Alhaji. A nemo mini masu nutso su duba ƙasan ginshiƙin."

Ta fito daga motar a hankali, wuyanta a miƙe, ba ta yarda ta juya kai ko kaɗan ba.