Ranar Da Na Daina Tura Babur

A gidanmu alƙalami muka gada. Kakana magatakardan alƙali ne a Sakkwato, mahaifina akawu, ni kuma, Halilu, na tashi da magana ɗaya a baki: abin da ba ka gada ba, kada ka wahalar da kanka a kansa. Da ita na kai shekara talatin da takwas ban taɓa hawa ko keke ba. In an tambaye ni sai in ce hawan ƙarfe bai dace da ɗiyan malamai ba, alhali tsoron faɗuwa gaban mutane ne kawai.

A shekarar 1983, da ciwon bushiya ya shiga shanu, ina malamin dabbobi a Illela. Ofis ya ba ni sabon babur ja da fulas na ƙanƙara don in riƙa kai allurar riga-kafi rugage. Ita allurar ba ta son zafi, ƙanƙara na narkewa ta zama ruwan banza. Na karɓi makulli ina murmushi, ban faɗa wa kowa ban iya hawa ba.

Rugar farko ta Baba Attahiru ce, wani dattijon makiyayi can bayan Araba. Na ɗaure fulas, na kama ƙahon babur, na fara turawa. Duk wanda ya tambaya sai in ɓata rai in ce fulogi ne. Cikin ranar bazara, cikin rairayi, ni da babbar riga, sai bayan azahar na isa. Da na buɗe fulas, ruwan da ke ciki ya isa a yi wa jariri wanka. Na ce wa tsohon babur ne ya mutu a hanya. Ya tausaya mini, har ya sa aka dama mini fura. Bayan mako guda na sake turawa, na sake shan fura, ban ji kunya ba.

Don ƙarya ta zauna da gindinta, sai na kai babur wurin Yari bakanike, bakin tasha. Bugu ɗaya ya yi masa ya tashi. Ya buɗe tanki ya ga mai maƙil kamar ranar da aka zuba, ya dubi taya, sannan ya daɗe yana duban takalmana da suka cinye.

"Malam Halilu, wanga babur lahiyarshi lau," in ji shi. "Mai shi ne babu lahiya."

Na tsuke fuska na karanta masa karatun gado tun daga kan kakana. Ya bari na gama, sannan ya ce shi ubansa raƙuma ya yi ta ja zuwa Ƙonni har ya rasu bai taɓa riƙe sifana ba. Ya naɗe wando ya nuna mini tabon ƙunar salansar babur har uku a ƙaurinsa, ya ce waɗannan su ne malamansa. Na roƙe shi mu je inda ba kowa ya koya mini. Ya ce ba ya da lokaci sai da hantsi, kuma fili ɗaya ne, na bayan kasuwa.

Kai, na ga duniya! Ranar farko na saki kuloci gaba ɗaya, babur ya tafi ya bar ni zaune a ƙasa. Rana ta biyu muka tafi tare, muka shige dangar wani. Masu goro suka bar tirensu suna ƙirga faɗuwata, mata masu zuwa rijiya suka sauke tulu don su yi dariya da kyau. Matata Tasalla ta ce in zan ci gaba a haka, in sayo mata ƙyallen faci da yadi. Abin da ya ba ni haushi, duk kunyar da na yi shekaru ina gudu, kwana biyar ta yi ta ƙare, ban mutu ba.

Rana ta shida na ɗaure fulas a ƙirji na kama hanyar Araba, rana ba ta ko yi zafi ba na hango ruga. Murna ta sa na manta wace ƙafa ce ta birki. Na shiga garke da gudu, na zube cikin kashin shanu, na ɗaga fulas sama da hannu biyu. Da na buɗe, ƙanƙara tana nan daram. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Sai da na miƙe na lura garken da na bari cike ya koma rabi. Ga turaku nan a jere, igiyoyinsu yashe a ƙasa. Na durƙusa gaban Baba Attahiru na faɗa masa gaskiya: babur bai taɓa mutuwa ba, ni ne ban iya ba, kuma ina gudun a ga na faɗi.

Bai yi faɗa ba. Ya taɓa ƙanƙarar da yatsa, ya dubi gwiwata tana jini, ya dubi turakun.

"Kwana nawa ka yi kana koyo, ɗana?"

"Biyar, Baba."

Ya jinjina kai, ya kama igiya ya nufi waɗanda suka rage. "Da tun wancan watan ka faɗi," in ji shi, "da yau ka gaji da yin allura."