Motar da Ta Zo Ɗaukar Gawar Leonard

Malam Leonard yana da wani hali da ba ya son a sani: in ya je jana'iza, ba mamacin yake tunani ba, motar da ta zo daga ƙauye yake kallo. A Kafanchan kowa yana da wurin komawa. Bajju su ɗauki nasu su yi Zonkwa, mutanen Kagoro su yi gindin dutse, na Jaba su yi Kwoi. A gari ake neman abinci, amma a ƙauye ake kwanciya. Shi kuwa tun da ya samu aikin malanta bai cika leƙa ƙauyensu na bayan Samaru Kataf ba, kullum sai an yi hutu, hutun kuma ya zo ya wuce. Tsoronsa ɗaya, kada a binne shi a bayan gari cikin baƙi.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da shi a asibiti. Yana can matarsa Paulina ta gaji da ƙofar kicin da gara ta cinye, ta je wajen kafinta ta sayo katako, ta ɗoro a kai ta ratsa tsakiyar gari. Afiniki, 'yar ƙauyensu mai sayar da acca, ta gan ta. Miji a asibiti, mata da katako, ai na akwatin gawa ne, ba sai an tambaya ba. Ta kai labari gida.

Ranar da aka sallame shi, ya taho a hankali yana dafa bango, sai ya tarar da babbar mota a ƙofar gidansa, mata suna waƙar ta'aziyya da harshensu. Waƙar ta tsaya a tsakiya. Wata tsohuwa ta ce, “Yesu!” ta ɓuya a bayan taya.

Baba Kumai, ƙanin mahaifinsa, ya matso ya tsikare shi da sanda a ciki.

“Leonard, ba ka mutu ba?”

“Tukuna, Baba.”

“To katako fa?”

Paulina ta leƙo daga ciki tana share hannu. “Baba, tun ɗazu nake gaya maku ƙofa ce, kuka ce baƙin ciki ya taɓa mini kai.”

Baba Kumai ya yi tsaki. “Yara sun riga sun haƙa rami kusa da babanka. Wuri mai kyau, har da inuwa. Yanzu wa zan sa a ciki?”

“A ajiye mini, Baba.”

“Kai da ba ka zuwa gida da ƙafarka? Dama mun ce ko a kwance ne, a kawo shi mu gan shi.”

Aka fashe da dariya, matan suka juya waƙar ta koma ta godiya. Leonard ya zauna a kan katakon, hawaye na zuba, bai ma ɓoye ba. Ashe yana da mutane. Ashe har da inuwa. Ya sa aka yanka zakaran da yake ajiyewa don Kirsimeti, ya ci tuwo fiye da yadda likita ya yarda.

Da motar ta tashi ya daɗe yana ɗaga mata hannu, sannan ya ce wa Paulina, “Kin gani ko? Mota guda, saboda ni.”

Paulina ta kwashe kwanuka, ta bar shi da murnarsa. Ranar kasuwa ce. Aladu motar ta kawo, a hanyar komawa aka biyo ta gidansa.