Farar Ƙwayar Umma

A gidansu Auta ba a zubar da magani. Duk wanda ya warke ya bar saura, Umma za ta ɓare ƙwayoyin daga ledarsu ta zuba a wani tsohon gwangwanin madara, wai kwali cin wuri ne kawai. Da launi take gane su: ja na ƙarin jini, rawaya na mura, fari kuwa na komai da komai. 'Ya'yanta har tsokanarta suke yi suna kiranta babbar likita, ita kuma ba ta taɓa musawa ba.

Auta ta fi kowa yi wa gwangwanin dariya, ko da yake a ɗakin gwaje-gwajen asibiti take aiki, inda ake shuka jini da fitsari a faranti a jira ƙwayar cuta ta tsiro a gane ta. Yanzu kam dariya ta ƙare. Babansu yana kwance a saman benen asibitin. Da zafin fitsari abin ya fara, sai zazzaɓi, sai ƙuraje suka feso masa, leɓɓansa suka tsattsage, fatar bayansa tana saɓulewa kamar ta tumatir da aka zuba wa ruwan zafi.

Da safe ta buɗe akwatin ɗumi ta ɗauko farantin Baba. Fes yake, babu abin da ya tsiro. Wani da murna zai yi, ita kuwa gabanta ne ya faɗi. Mutum mai irin wannan zazzaɓi ba ya ba da faranti fes sai in ya riga ya sha maganin da ya ɓoye cutar.

Likitan da ke duba shi ya tsayar da ita a bakin ƙofa.

"Ciwon fitsarin ba shi ya fi damuna ba," in ji shi. "Jikinsa ne yake faɗa da wani magani. Na hana a ba shi kowace ƙwaya, amma fatar sai ƙara saɓulewa take. In ba mu gano abin ba za mu iya rasa shi. Me ya sha a gida?"

"Umma ta ce fari."

Ta miƙa masa gwangwanin da ta ɗauko daga gida. Ya juya ƙwayoyin da bayan biro, farare iri-iri, manya da ƙanana, sannan ya dube ta. Kunya ta kama ta har ta rasa inda za ta sa idonta.

Da rana ta hau sama duba Baba. Umma tana gefen gado, inda take tun ranar da aka kwantar da shi, ta juya wa ƙofa baya. Wani abu take murƙushewa tsakanin cokali biyu, sannan ta ɗiga masa ruwa.

"Umma, mene ne wannan?"

"Yi a hankali mana, kar nas ta ji. Tunda muka zo ruwa kawai suke ɗura masa a hannu, ko ƙwaya ɗaya ba su ba shi ba. Sai in zuba ido ina kallonsa?"

Umma ta kwance ƙullin bakin mayafinta ta nuna mata fararen ƙwayoyin da ke ciki. Auta ta ɗauki ɗaya ta juya, ta ga tsagar da ke tsakiya da haruffan jikinta. Mai sinadarin salfa ce, irin wadda wasu jikkuna ba sa ɗauka.

"Kullum kike ba shi?"

"Safe da yamma, ban taɓa fashi ba," in ji Umma, har da ɗan alfahari. "Ba ki gane ta ba? Ke kika kawo min bara da na yi irin wannan ciwon, nan da nan na miƙe. Da bakinki kika ce mai kyau ce, shi ya sa ban bar ta a gwangwani ba."

Auta ta karɓe cokalin a hankali. Umma ta kalli fuskarta, ta kalli bayan mijinta, murmushin ya gushe.

"Auta," ta ce ƙasa-ƙasa, "ba mai kyau ba ce?"

Baba, idonsa a rufe, ya ji ƙarar cokali. Ya buɗe tsagaggen bakinsa yana jira.